Giɓin Katangar Varsay

Ranar da iska ta lafa, bayan ta yi kwanaki tana dukan tsibirin Varsay kamar mun yi mata laifi, Erlend Scollay ya hau babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya tafi duba shanunsa a makiyayar arewa. Shanun suna nan ƙalau. Tumaki ya tarar a zube cikin ciyawa, wasu sun riga sun sandare, wasu suna shure-shure, idanunsu sun yi rawaya. Can ƙarshen filin kuwa, katangar dutsen da ta kewaye tsibirin nan tun zamanin kakanninmu an yi mata giɓi, faɗin da amalanke zai wuce.

Tumakinmu ba na tudu ba ne. Katangar ta tsare su a bakin gaɓa, suna bin teku in ya janye suna cin ciyawarsa, sai lokacin haihuwa kaɗai ake shigo da matan. Haka cikinsu ya saba, haka namansu ya yi suna. Ban da naman nan da katangar nan, babu abin da zai sa mai hankali ya nemi Varsay a taswira.

Ba iska ce ta rushe ta ba. Iska ba ta jera duwatsu sahu-sahu, na sama a baya, na tsakiya a gaba, kowanne a kwance yadda za a mayar da shi. Hannun wanda ya iya gini ne. Kafin rana ta yi tsaka, mutanen Varsay, waɗanda ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, har lokacin buɗe coci, sun haɗa baki a kan Morven Kerr.

Morven masaniyar dabbobi ce daga wata jami'a a kudu. Shekara ta uku ke nan tana nazarin tumakinmu, tana kuma haya a ɗakin sama na gidana, inda matata Mima take ɗinki kafin ta rasu. Laifinta shi ne ba ta tsaya a kan tumaki ba, har gaɓa take aunawa. A zaman ƙarshe na Majalisar Tumaki, masu kula da katanga da garken tsibirin, ta miƙe ta ce teku yana cin gaɓar arewa, ranar da babbar cikar teku ta haɗu da iska garken da ke can zai rasa wurin tsayawa tsakanin ruwa da dutse. Ta roƙi a matsar da katangar ciki, zuwa inda ta kafa jajayen turaku.

Lowrie Harcus, shugaban majalisar, ya yi dariya har da goge ido. "Yarinya, katangar nan ta san teku tun ba a aza tubalin jami'arku ba."

"To in ba ku buɗe musu ba, wata rana da hannuna zan buɗe," in ji ta.

Kowa ya ji. Kowa kuma ya san Lowrie da kansa ya koya mata gini da bazara.

Aka aiko cewa za a zauna ranar Alhamis a tsohuwar makaranta. In laifin ya tabbata, an haramta mata taɓa tunkiya a Varsay, aikinta ya tashi a banza, jirgin ruwan Juma'a ya mayar da ita inda ta fito. Ba wanda ya ambaci 'yan sanda. Suna can birnin Kirkwall a ƙetaren ruwa, mu kuwa mun fi son mu zalunci mutum da hannunmu.

*

Na sami Morven a ɗakin girki, shayinta ya huce a gabanta.

"Malam, kai ma ka yarda ni ce?"

"Na koyar da rabin tsibirin nan karatu," na ce mata. "Na san iyakar abin da kawunansu ke ɗauka. Ba yardata za ta cece ki ba. Sa takalminki."

Muka nufi gidan Osla Harcus, ƙanwar Lowrie. Aikinta kama ɓeraye da kyanwowin daji don kada su cinye ƙwan tsuntsaye, amma in abu ya ɓata a Varsay, ko dabba ko mutum, ita ake kira. Ita ta bi sawun Mima ranar da ta fita shan iska ba ta dawo ba, ta same ta a zaune jikin katanga, zuciyarta ta tsaya. Ba a cika mako da binne ta ba Lowrie ya zo gidana da hula a hannu, ya ce tsagar kunnen tumakin gidansu Mima, wato alamar mallaka da haƙƙin kiwo a gaɓa, ta koma wa majalisa, tunda ni ɗan mai kanti ne, ba ni da gado a gaɓa. Doka ce. Ya faɗa da ladabi, har ya sha shayina.

Osla tana gyaran tarko a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi Morven.

"Malam, yau littattafai sun ba ka hutu?"

"Sun ce in zo in ga yadda jahilai ke yanke hukunci."

"Ai ba ka makara ba." Ta ajiye tarkon. "Dakta, in na bi sawu ya kai ni ƙofarki, zan faɗa a gaban kowa. Kin ji?"

"Na ji."

"To mu je kafin masu kallo su tattake min fili."

*

An riga an tattake rabinsa. Osla ta kori waɗanda suka rage kamar kaji, ta fara zagaye a sunkuye, hannu a baya. Morven kuma ta durƙusa kan wata matacciyar tunkiya ta farke cikinta. Hantar ta yi rawaya, ƙodar ta yi baƙi ƙirin. Ta miƙe tana dube-dube har idonta ya faɗa kan wani bokiti a tsakiyar fili, an lashe shi tas.

"Gishirin lasa na shanu," ta ce. "Akwai jan ƙarfe a ciki. Saniya tana buƙatarsa. Waɗannan kuwa, ciyawar teku ta koya wa jikinsu ya riƙe ɗan abin da ya samu, ba ya saki. Wannan bokitin guba ne gare su."

Wani daga bayan shingen waya ya ce, "Kun ji? Har abin da ya kashe su ta sani."

"Likita ma ya san abin da zai kashe ka," na ce masa, "amma har yanzu kana yawo."

Osla ba ta ɗago ba. "Dakta, daga lasa zuwa mutuwa, yini ɗaya ya isa?"

"Da wuya. Hantar nan ta ɗauki kwanaki."

"Ashe kafin iska aka buɗe, ba bayanta ba."

Osla ta ratsa giɓin ta fita gaɓa, muka bi ta. Ta yi mana nuni. Ciyawar teku ta maƙale a jikin katangar ta waje, har tsayin ƙuguna. Ruwa ya zo ya daki dutse. Duk dabbar da ta kwana a wajen nan lokacin cikar, da yanzu tana hanyar Norway.

Morven ta daɗe tana kallon wurin. Ban ga farin ciki a fuskarta ba. Na karanta labaran masu hangen nesa da yawa, ban taɓa karanta wanda ya ji daɗin ranar da maganarsa ta tabbata ba.

Muka koma ciki. Kusa da jajayen turakun, inda katanga ta kare ƙasa daga iska, akwai sawun ƙaramin takalmi.

"Naki ne, Dakta," in ji Osla.

"Na zo duba turakuna ranar da iskar za ta tashi, da safe."

"Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba."

"Shi ke nan, ba wanda ya gan ki kin tafi." Osla ta tsallake sawun. "Wannan ba zai taimake ki ba ranar Alhamis."

*

Erlend Scollay yana da dalili, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Shekara da shekaru yana cewa a bar wahalar katanga a koma shanu. Mun same shi yana wanke babur.

"Goggo Osla, in kin zo kama ni ne, bari in sa riga mai kyau."

"Bokitin naka ne?"

"Filina ne, shanuna ne. Ko sai na nemi izinin tumaki kafin in ba saniyata gishiri?"

"Yaushe ka kai shi?"

"Makon jiya."

"Wa ya sani?"

"Ni da shanun."

"Akwai babban dutse guda da aka ɗaga daga tsakiyar katangar," in ji Osla. "Dakta ba za ta iya motsa shi ba sai da taimako. Kai za ka iya."

Erlend ya yi dariya. "Malam, gaya mata. Kai ka ga ginina."

Na gani. Katangar lambun Erlend abin kunya ce ga zuriyarsa, shi ya sa ya koma waya. In ya jera dutse uku, na huɗu a kan ƙafarsa yake sauka. Osla ma ta sani. Ta kuma riga ta ga sawun tayarsa a saman sawun tumaki yake, ba a ƙasa ba. So take kawai ta ji bakinsa.

"Da ka isa, yaya ka tarar da ƙofar da ke fita hanya?"

"A ɗaure. Ɗauri mai kyau ma, ba irin nawa ba."

Muka koma can. Ƙofar tana da laka a gindinta, inda shanu ke tsayawa. Osla ta tsuguna. Ta daɗe har gwiwoyina suka fara yi mini ciwo don tausayinta. Ta sa yatsa ta zagaye wani abu a ƙasa, ta matsa gaba a tsugune, ta sake zagayewa, har ta fita bakin hanya. Sai ta ɗauko faffaɗan dutse ta kifa a kai.

"Me kika gani?" Morven ta tambaya.

"Laka."

Amma na ga fuskarta. Irin fuskar da ta zo mini da ita ce ranar Mima.

A hanya ta yi magana sau ɗaya, kamar da kanta take yi. "Ba kutsowa suka yi ba. Da kutse ne, da sun warwatsu. A jere suka shigo, a natse. Tumakinmu kuwa ba sa bin kare, ba sa bin mutum. Junansu suke bi."

*

Washegari Osla ta biyo mini, ta ce in raka ta gaida yayanta, bayansa ya riƙe tun lokacin iska. Na ce ban san ina cikin masoyansa ba. Ta ce ba masoyi take nema ba, mai ido take nema.

Lowrie yana kwance a kan doguwar kujera kusa da murhu, an tokare shi da matashi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar shebur. Rabin katangar da ke tsaye yau ta bi ta hannuwan nan. Ban taɓa son sa ba, amma ban taɓa ganin dutsen da ya aza ya faɗi ba.

"Yaya, ya jikin?"

"Sanyi ne. Tsufa ne. Malam, ka zo ka ga ko na mutu?"

"Na zo in ga ko da saura."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Osla ta ajiye masa man zafi da gurasar sha'ir.

"An ce kina yawo da yarinyar nan," ya ce. "Ki bar wahalar da kanki. Ba kashe ta za mu yi ba. Ta koma garinsu, jami'a ta ba ta wasu tumakin."

"Haka ne, Yaya."

Da za mu fita, na ga kwando a bakin ƙofar baya, cike da ciyawar teku, ɗanya, tana ɗigar ruwa.

"Takin lambu," in ji Lowrie daga kwance, ba tare da an tambaye shi ba.

A waje na ce wa Osla, "Mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya sa takalmi, ya je gaɓa ya ɗebo wa kabeji abinci. Son kabeji ya kai so."

"Malam, ka yi shiru mana."

Na yi shiru. Hawaye ne a idonta, ko iska, ban tambaya ba.

*

Ranar Alhamis tsohuwar makaranta ta cika. Na zauna a ajin da na ɓata ƙuruciyata, ina kallon tsofaffin ɗalibaina sun yi furfura ba su ƙara wayo ba. An kawo Lowrie an zaunar da shi a gaba. Erlend ya jingina da bango. Morven tana gefe ita kaɗai, kujerun kusa da ita babu kowa, sai ni.

Aka maimaita abin da ta faɗa a majalisa. Aka kawo zancen sawunta. Aka ce ta iya gini, ta san guba. Ta ce ba ita ba ce, aka yi guna-guni. Sai wani ya lura Osla ba ta cikin ɗakin.

Ƙofa ta buɗe. Osla ta shigo riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata tsohuwar tunkiya mai toka-toka tana ɗingishi. Babu wanda bai san ta ba. Peedie ce, wadda teku ya ci uwarta tana jaririya, Lowrie ya raine ta da kwalba a gindin murhu. Kofatonta na gaba a karkace yake tun haihuwa. Da ta girma aka mayar da ita gaɓar arewa, ta zama jagorar garken.

"A ina kika samo ta?" wani ya tambaya. "Mun ɗauka tana cikin matattun."

"Na duba matattun, ba ta ciki. Na duba gaɓa, ba ta nan." Osla ta tsaya a tsakiyar ɗaki. "An buɗe katangar kafin iska, Dakta ta gane haka daga hanta. Wanda ya buɗe ya san ruwa zai kai dutse, kuma ya kai, ku je ku gani. Ya jera duwatsun don ya yi niyyar mayarwa. Bai kora garken ba, jagorarsu ya kira, suka biyo ta. Mutum ɗaya ne a Varsay Peedie ke amsa wa kira. A ƙofar hanya akwai sawun kofatonta yana fita, gefe da gefe da babban takalmi. Na kifa dutse a kai, yana nan. Ya bar garken a fili, ya ɗaure ƙofa, amma ita bai iya barinta cikin iska ba. Ya tafi da ita gida. A rumfar bayan gida na kwance ta ɗazu, da kwandon ciyawar teku a gabanta."

Ba ta ambaci suna ba. Igiyar kawai ta saki.

Peedie ta tsaya tana shinshina. Ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane da ɗingishinta, ta wuce Erlend, ta wuce Morven ko kallo babu, ta je ta ɗora haɓarta a kan gwiwar Lowrie. Hannunsa ya sauka a kanta da kansa, kamar yadda ya saba, kafin ya tuna ana kallonsa.



"Osla," ya ce a hankali, "uwa ɗaya ta haife mu."

"Shi ya sa na ba ka kwana guda ka faɗa da bakinka, Yaya."

Ya daɗe yana shafa kan tunkiyar.

"Na je da yamma na ga yadda ruwan ke tahowa," ya ce. "Shekaruna duka ban taɓa ganinsa a wurin ba. Na ce in shigo da su, in ya janye in mayar, in gina kafin kowa ya sani. Babban dutsen ne ya karya mini baya. Da ƙyar na isa gida. Ban san da bokitin ba."

"Wannan mun ji," in ji Erlend. "Yarinyar fa? Kana kwance ana shirin kora ta."

"Da wane baki zan faɗa? Ni na yi mata dariya a ɗakin nan." Ya ɗago ya dubi Morven karo na farko. "Tun bazara na san gaskiyarki ce. Ina koya miki gini ina kallon turakunki."

Shekaru na yi ina jiran ranar da zan ga Lowrie Harcus a ƙasa. Na sha tsara ta a raina, har da abin da zan faɗa. Da ta zo, na tarar ba ta da ɗanɗano. Tsoho ne kawai da tunkiya a gwiwarsa.

Dokar majalisa a kan wannan tsohuwa ce: wanda ya rushe, shi zai gina, shi kaɗai, kuma tsagar kunnen gidansa ta koma wa majalisa. Aka zartar. Sai Morven ta miƙe ta sake roƙon a matsar da katangar. Mutanen da suka gama jin duk abin nan da kunnuwansu suka ce a bar zancen sai wani zama. Babu wanda ya ba ta haƙuri. Wata mata dai ta aiko mata da miya.

*

Jirgin Juma'a ya tafi ba tare da ita ba.

Bayan Lowrie bai sake shi ba sai da wata ya kusa ƙarewa. Ranar da aka ce ya fita, na bi hanyar arewa, na ce wa kaina motsa ƙafa zan yi. Na tarar da mutane tsaye a bayan waya, ba mai taimako, don doka ta hana. Osla tana zaune a kan dutse can nesa, yayanta bai yi mata magana ba tun ranar zaman. Morven tana kusa da turakunta.

Lowrie ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki dutsen farko, ya rungume shi a ƙirji. Ya tsaya a bakin giɓin yana kallon teku, wanda ya kwanta lumui kamar bai taɓa cin kowa ba. Sai ya juya masa baya. Ya taka cikin filin Erlend, yana nishi, har ya kai turken farko.

Aka fara guna-guni. Wani ya ce ba nan katanga take ba. Erlend, wanda filinsa ne ake ci, ya ce, "Ni ban ga komai ba," ya cusa hannu a aljihu.

Lowrie ya dubi Morven, dutsen a hannunsa.

"Dakta, nan ne?"

Ta dubi turken, ta dubi ruwan.

"Ƙara gaba, Baba," ta ce. "Wannan awon bara ne."